Ranar da na fara riƙe bindigar fenti

Ni mai walda ne, shagona yana Tudun Wada nan Kaduna, aikina get da ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe, wani lokaci har da kujerun makaranta. Shekara da shekaru in na gama haɗa aiki sai dai in ɗauki buroshi in shafa fenti, ko kuma in zauna jiran mai feshi, shi kuma mai feshi yau yace maka gobe, gobe yace jibi, mai kaya yana ta kiranka a waya kai kuma kana ta bada haƙuri akan abinda ba kai ka jawo ba. Kuma gaskiya fentin buroshi duk iya ƙoƙarinka sai layi-layi ya fito, musamman a jikin get mai faɗi in rana ta haska shi. Abinda yasa na yanke shawara wani aiki ne da na samu a Malali, babban get mai hannu biyu da ƙaramar ƙofa a gefe, mai gidan yace shi baƙi yake so sumul kamar jikin mota, a ranar nace in sha Allahu wannan da hannuna zan fesa shi.

Bindiga iri biyu na gani a kasuwa, akwai mai kofi a sama wadda fentin ke gangarowa da kansa, akwai mai gwangwani a ƙasa wadda iska ce ke zuƙo fentin. Na ɗauki mai kofi a sama wadda aka rubuta HVLP a jikin kwalinta, irin wadda take cin iska da yawa amma ba da ƙarfi take fitar da ita ba, shi yasa fentin yafi zama a jikin ƙarfe maimakon ya tashi sama kamar hazo. Ta zo da baki biyu, ɗaya an rubuta 1.4 ɗaya 1.8, wato faɗin hudar da fenti ke fita a milimita, kowane baki da allurarsa da hularsa. Na shiga Panteka na sayi tiyo da su notin haɗi, kwamfiresa kuma na ari ta wani mai faci da muke layi ɗaya saboda nace bari in gwada tukuna kafin in zuba kuɗi.

Lokacin hunturu ne, ƙura ta ko'ina, da ka ajiye abu minti biyar sai ka rubuta sunanka a kai. To sai na ga dabara ita ce in ja ƙofar shago in rufe don kar ƙura ta hau fentin. Na shigo da hannu ɗaya na get ɗin, na ɗaura hankici a hanci, ɗan yayata da yake koyon aiki a wajena shima ya ɗaura tsohuwar riga, na zuba fenti da tina, ruwan da ake tsinka fenti dashi, a kofi na kaɗa da guntun rodi na fara fesawa. Ba a yi minti ashirin ba shagon ya cika da hazo baƙi, ƙwan lantarkin ma da ƙyar nake ganinsa, kaina ya fara sarawa, bakina wani ɗaci-ɗaci, ƙafata kamar ba tawa ba. Sai yaron yace "Kawu jiri nake ji", na juya na ganshi ya jingina da bango idonsa jawur yana hawaye. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa a lokacin sai gabana ya faɗi, yaro amana aka bani shi. Na ajiye bindigar na banko ƙofa na fitar dashi waje, muka zauna a bakin titi muna shaƙar iska, na aika aka sayo mana madara gwangwani biyu muka sha saboda haka na taso naga masu fenti suna yi. Daren nan ban yi barcin kirki ba, in na fyace majina baƙi ne ke fitowa.

Aikin ma bai yi ba. Da safe na duba, wani wajen fentin ya zubo kamar hawaye ya daskare a haka, wani wajen garas-garas kamar an watsa yashi, ga wasu 'yan ramuka zagaye-zagaye kamar idon kifi sun cika tsakiyar ƙarfen.

Akwai wani dattijo abokin mahaifina, Allah ya jiƙan mahaifina, mai fentin mota ne tun muna yara, Baba muke ce masa, yanzu ya daina riƙe bindiga saboda ƙirjinsa, sai dai ya zauna yana nuna wa yara. Na tafi har gida na gaishe shi na faɗa masa komai ban ɓoye ba. Bai yi min faɗa ba, yace "ɗana gobe bayan asuba kazo ka ɗauke ni". Da muka iso shago na miƙa masa bindigar ina jiran ya duba ta, sai ya ajiye ta akan benci ko kallonta bai yi ba, ya fara zagaya wajen a hankali da sandarsa. Ya nuna janareta a bakin ƙofa, ya nuna injin walda da na gurza ƙarfe, ya leƙa waje ya nuna murhun mai shayi da yake kusa da tagata, sannan yace "shekaranjiya Allah ne kawai ya tsare ku". Yace tururin tina yafi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya yana bin daɓe kamar ruwa har ya isa inda wuta take, kuma ba sai harshen wuta ba, tartsatsi ɗaya daga soket ko makunnin fitila ko wani ya shigo da sigari ya isa ya tada shagon gaba ɗaya. Ni da nake wasa da tartsatsi kullum a sana'ata, wannan maganar ta shige ni sosai.

Don haka aikin ranar farko ba feshi bane, wajen feshi muka yi. A bayan shago akwai ɗan fili, muka kafa ƙarafa huɗu muka ɗaura tamfol ta gefe biyu da sama, gefe biyu muka bari a buɗe don iska ta ratsa ta wuce. Baba ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska ke kaita, yace kullum in tsaya iska tana bayana tana kwashe hazon daga fuskata, kuma in duba inda take kai shi, kar ya zama tagar maƙwabta ko shanyar mutane ko motar wani, don fentin da ya tashi a iska yana sauka ne a wani wajen. Janareta muka ja shi can nesa da doguwar waya. Maganin ƙura kuma ashe ba rufe ƙofa bane, ruwa zaka yayyafa a ƙasa ya jiƙe, kayi feshinka da sassafe kafin iskar hunturu ta taso da kafin mashina su fara zirga-zirga. Ya kuma ce in ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara mai hoda a kusa, kuma ranar feshi babu walda babu gurza har sai an gama an kwashe kaya.

Sai maganar madara. Na faɗa masa ai mun sha madara a ranar, sai yayi shiru, ya buɗe aljihun rigarsa ya ciro ɗan abin shaƙar nan na masu asma ya nuna min. Yace "ni nasha madarar da kai baka sha ba, ga abinda nake yawo dashi yanzu. Madara ciki take tafiya, fenti huhu yake tafiya, ina suka haɗu?" Daga baya da na bincika na tabbatar haka ne, madara bata wanke komai a huhu, hankici da takunkumin asibiti irin wanda muka saka lokacin korona suma basa tare tururin tina, sai dai su tare ɗan burbushin fentin kawai tururin ya wuce abinsa. Takunkumin gaskiya shine na roba mai gwangwani biyu a gefe, a cikinsu akwai gawayi na musamman da yake kama tururin, a kansa kuma ana ɗora farin matashi mai tare burbushi. Irin na Turai zaka ga zane ruwan ƙasa da harafin A a jikin gwangwanin, na Amurka kuma baƙin zane ne. In ka saka sai ka toshe gwangwanayen da tafin hannu ka ja numfashi, in robar ta manne a fuskarka to ya zauna, in kaji iska na shigowa ta gefe to aikin banza ne. In ka gama ka cire su ka ƙulle a leda mai kyau, don gawayin ko a rataye yake yana ci gaba da zuƙar abinda ke cikin iska har ya ƙare, kuma in har ka fara jin warin tina daga ciki to ka ma makara wajen canzawa.

A nan na gamu da matsalar da ban yi tsammani ba, gemu. Robar takunkumin fata take so ta kama, gashi ko kaɗan ne a kan layin da take zama sai iska ta bi ta nan. Ni kuma ina da gemu kamar yawancinmu kuma bana son cire shi. Na rage sajena sosai amma duk da haka nasan bai zauna ɗari bisa ɗari ba, ba zan yaudari kowa ba. Maganinsa na gaskiya shine hular nan mai rufe kai gaba ɗaya wadda ake turo mata iska mai tsafta, ita bata damu da gemu ba, tana da tsada amma ita nake tara wa kuɗi yanzu, kafin nan kuma bana feshi sai a fili, kuma bana daɗewa. Tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu da hula, duk Baba yace dole, kuma kayan aikin su kwana a shago kar in kai wa iyali gida.

Abinda yafi ja min kunne a kai shine fentin mota mai hadna, wato ruwan da ake haɗa masa don ya ƙafe yayi tauri, wanda ake ce wa 2K. A cikin hadnar akwai wani sinadari aisosayanet, shine yake jawo wa masu fentin mota asma. Mugun abu ne saboda hancinka ba zai gargaɗe ka ba, zaka iya shekaru kana fesawa lafiya lau, ranar da jikinka ya ƙi shi shikenan, ko ɗan kaɗan ka shaƙa ƙirji zai toshe, kuma sau da yawa ba a wajen aiki yake kama mutum ba sai cikin dare ya kwanta, shi yasa mutane basa gane daga fentin ne sai suce sanyi ne. Shi wannan takunkumi mai gawayi ba abin dogaro bane a kansa, sai mai turo iska. Baba yace tarinsa da dare ya fara, shekara nawa yana shan maganin mura.

Rana ta biyu muka zo kan kwamfiresa. Baba ya kama tiyon ya fesa iska a jikin farin kwali na ɗan lokaci, sai ga ɗigo-ɗigon mai da ruwa sun fito a jiki, yace "ga idon kifinka nan". Kwamfiresar faci ba ruwanta da tsaftar iska, taya bata damu ba, amma fenti ko ɗigon mai ya gani sai ya gudu ya bar rami. Ya durƙusa da ƙyar ya nuna min wani ɗan noti a ƙarƙashin tankin, muka kashe inji muka rage iskar sannan na kwance shi, ruwa ja mai tsatsa ya dinga zuba kusan cikin kofin shayi. Iska in an matse ta ruwan da ke cikinta yana taruwa a tanki, in ba'a zubarwa yana bin tiyo ya shiga fenti, kuma yana cin tankin ta ciki har wata rana ya fashe, don haka kullum in an tashi aiki a zubar, da damina ma abin yafi yawa. Ƙarshe dai na mayar wa mai faci kayansa da godiya na sayi tawa mai tanki lita 50, na saka mata gilashin nan mai tare ruwa, sannan ɗan ƙaramin geji mai nuna ƙarfin iska a gindin bindigar.

Gejin nan na gindi shine ya gyara min tunani. Ni da gejin tanki nake kallo, naga allurarsa ta kai bar 8, bar shine ma'aunin ƙarfin iska, sai in ɗauka da haka ake fesawa, ashe wancan ajiya ce kawai. Abinda bindigar take so wajen bar 2 ne, kusan 29 a layin psi, wato ɗaya ma'aunin da ke jikin geji, kuma ana saita shi ne kana danne da kunama iska tana fita, in ka saita a sake da ka danna zai faɗi. Kowace bindiga dai akwai takardarta, a duba. Wani abu kuma, irin waɗannan bindigogin da yawansu suna cin iska lita 300 zuwa 400 a minti ɗaya, ƙaramar kwamfiresa irin tawa bata iya binsu a jere, zaka ga geji yana sauka kana tsakiyar aiki fentin ya fara fita gudaji-gudaji. Dole na koyi raba aikin gida-gida, in fesa wani yanki in tsaya tanki ya cika. Kuma Baba ya hana yaron abinda yara ke so, wato kaɗe ƙurar jiki da iskar tiyo ko nuna wa wani da wasa, iskar nan tana iya tura burbushi cikin ido ko ta shiga ta ciwo.

Haɗin fenti ma da nasa. A kaɗa gwangwanin har ƙasa sai kaurin da ya kwanta ya tashi, a zuba a wani mazubi daban, a saka tinar da ta dace da wannan fentin gwargwadon abinda aka rubuta a jikin gwangwani, ba kowace tina ke shiga kowane fenti ba, wata in ka zuba sai ya tsinke kamar nono. Fetur da mutane ke zubawa don araha Baba yace kar ya sake gani a wajena, ga haɗarin wuta ga kashe ƙyallin fenti. Shi da sanda yake gane kauri, ya tsoma ya ɗaga, fentin ya zubo kamar zare bai yanke ba sannan ya koma ɗigo, yace ya yi. Sannan a tace da rariyar takarda kafin ya shiga kofi, na ga abinda ya rage a rariyar, 'yan fatu-fatu da tsakuwa, ashe su ne suka dinga toshe min bakin bindiga ranar da na fara feshi. Baki 1.8 na jan fentin ƙasa ne mai kauri wanda ake fara shafa wa ƙarfe, 1.4 na fentin sama, kuma ba'a haɗa allurar wannan da bakin wancan.

To sai saitin bindigar kanta, nan ne naji daɗin koyo wallahi. Baba ya sa aka jingina babban kwalin firiji a bango. Noti uku ne, na baya yana rage ko ƙara fentin da ke fita, na gefe yana buɗe faɗin feshin, na ƙasa na iska. Kunamar ma hawa biyu ce, in ka ja kaɗan iska ce kawai, in ka ƙarasa sannan fenti ya fito. Yace in tsaya taƙi ɗaya daga kwalin, wato santimita 15 zuwa 20, in danna in saki nan take ba tare da motsa hannu ba, sannan mu karanta abinda ya fito. Na farko ya fito siriri a tsakiya da kauri sama da ƙasa, yace "ka ga kalangu? iska tayi yawa ko fentin yayi ruwa". Na rage iska na sake, ya fito da tudu a tsakiya yana neman zubowa, yace fenti yayi yawa, mayar da notin baya. Na uku ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ya cire hular bakin ya ɗaga ta a rana ya nuna min ɗaya daga cikin hudojin ƙahon ta toshe da busasshen fentin ranar da na fara feshi, muka jiƙa ta a tina muka share da tsinken sakace. Can kuma bindigar ta fara tofi, fut fut fut, ashe 'yar hudar murfin kofi ce ta toshe, iska bata shiga fentin baya sauka. Sai wajen gwaji na goma muka samu wanda yake so, dogo kamar kokwamba, ko'ina daidai, gefensa yana ɓacewa a hankali. Kwalin nan har yanzu yana shagona ban yar ba.

Hannu kuwa da ruwa na koya. Ya sa na cika kofi da ruwa ina fesa bangon bulo, don a busasshen bango kana ganin inda ya jiƙe da inda ka tsallake. Kuskurena shine ina tsaye waje ɗaya ina karya wuyan hannu kamar mai fifita, to tsakiya bindigar tana kusa sai ya zubo, gefe-gefe tana nesa fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, shine yashin nan. Wuyan hannu a ƙafe yake, jiki da kafaɗa ne ke tafiya, bakin bindiga yana kallon ƙarfen kai tsaye daga farko har ƙarshe. Ka fara tafiya kafin ka ja kunama, ka wuce bakin ƙarfen kafin ka saki, layi na biyu ya hau rabin na farko. Baba yana zaune akan kujera yana buga sanda a ƙasa a hankali, tak, tak, tak, ni kuma ina bin sautin da hannuna don kar in yi sauri a wani wajen in yi nawa a wani.

Get ɗin da na ɓata sai da muka kankare shi tas. Gyaran ƙarfe kafin fenti dama nasan shi, a cire kashin walda, a bi da samfefa, a goge mai da ƙura. Abu ɗaya sabo da na ƙaru dashi shine tsofaffin ƙofofi da ake kawo min gyara, tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma duk ɗan Arewa ya san abinda dalma tayi wa yara a Zamfara a 2010, can daga ƙasar haƙar zinare ce amma gubar ɗaya ce. Don haka yanzu tsohon fenti da ruwa nake gurza shi ƙura bata tashi, kuma bana ƙona shi da wuta.

Ranar feshin gaske na fito bayan sallar asuba, garin shiru da sanyi, yaron ya yayyafa ruwa a ƙasa sannan na tura shi can bayan iska wajen kwamfiresa da nasa takunkumin, aikinsa kallon geji kawai da hana mutane matsowa. Jan fentin ƙasa mun riga mun fesa ya kwana biyu. Na gwada a kwali, ya fito daidai, nayi bismillah. Na fara da lunguna da gefuna da ƙarƙashin adon, sannan na bi faɗin da shafi na farko marar kauri wanda har kana hango ja ta ƙarƙashinsa. Zuciyata tana ta ce min ƙara, ƙara ya rufe, Baba ya ɗaga sanda yace "bari". Muka jira kamar minti 15, ya sa na taɓa salatif ɗin da muka manna a gefe wanda fentin ya hau, yana kama yatsa amma baya biyo shi, yace yanzu. Shafi na biyu na rage sauri kaɗan, ina kallon ta gefe inda haske ke faɗowa, kana ganin jiƙaƙƙen baƙin yana bin bayan bindigar yana haɗewa yana kwanciya, har na fara ganin inuwar tamfol da tawa a jikin ƙarfen. Waje ɗaya kusa da sakata hawaye ya zubo saboda na tsaya gyara tiyo ban saki kunama ba, na kai hannu zan share yace kar in taɓa, a bari ya bushe sosai a goge da samfefa mai laushi da ruwa a sake bi. Haka akayi bayan kwana biyu kuma ko ni sai na nema nake gane wajen. Da na gama ban cire takunkumin nan take ba, sai da na fita daga rumfar nayi nisa, don hazon yana nan a iska ko ido baya ganinsa.

Wanke bindiga a take ake yi tun fenti bai kama ba. A cire tiyo tukuna, a juye ragowar fenti, a zuba tina kaɗan a girgiza a zubar a gwangwani mai murfi, a cire hula, a zare allura ta baya sannan a kwance bakin da sifanarsa, in ka kwance baki allura na ciki zaka iya lanƙwasa tsininta. Waya ko allurar ɗinki basa shiga hudojin nan, da sun buɗe kaɗan feshin ya karkace har abada, kuma ba'a tsoma bindigar gaba ɗaya cikin tina saboda robobin ciki. Hannu ma na daina wankewa da tina ko fetur, suna busar da fata har ta tsage kuma suna shiga jiki ta nan, ɗan man gyaɗa nake murzawa sannan sabulu. Dattin tinar bana zubawa a kwata, duk kwatocinmu ƙarshensu Kogin Kaduna ne, a gwangwani nake tarawa ya kwanta in tsiyaye na sama in sake wanki dashi, tsummokaran kuma a baza su a waje su bushe, ba'a cusa su a lungu.

Wani abokina mai fentin gidaje da ya ga aikin yake bani labarin injin da suke haya, wanda baya amfani da iska, famfo ne yake tura fentin da ƙarfin da ya kai bar 200. Nace masa dan Allah kar ya taɓa saka yatsa a bakin bindigar injin don share toshiya, wannan tana huda fata ta tura fenti cikin nama, ciwon a ido kamar tsinin allura ne amma a ciki yana iya cin yatsa, duk wanda ta same shi asibiti kai tsaye a faɗa musu fenti ne ya shiga, ba'a jira sai ya kumbura.

Mai gidan Malali ya karɓi get ɗinsa, har ya haɗa ni da maƙwabcinsa. Satin da ya wuce kuma wani ya kawo min Keke Napep yana so in fesa masa, ya zo da fentinsa da gwangwanin hadna a leda, kuɗin da ya faɗa masu kyau ne kuma ina buƙatarsu. Na juya gwangwanin na karanta, nace masa yayi haƙuri wannan bani da kayan fesa shi tukuna, in yana so da fentin da babu hadna zan yi masa, yace zai yi shawara. Da yamma na biya wajen Baba na kai masa lemo da ayaba, na same shi a ƙofar gida a zaune yana jiran magariba, ya tambaye ni yaron, nace lafiya lau, yanzu shi ke zubar da ruwan tanki kullum, yace in ya ƙara wata biyu a fara bashi kofin ruwa da bango.